Teburi Biyu a Gida Ɗaya: Yadda Kiristocin Amish Ke Ƙaurace wa Nasu

A shekarar 1947 wata kotu a jihar Ohayo ta Amurka ta saurari ƙarar da ba a saba ji ba. Wani manomi ya maka shugabannin tsohuwar ikilisiyarsa saboda sun umarci jama'a su ƙaurace masa. Laifinsa shi ne ya koma wata ikilisiya da ta yarda a mallaki mota, domin ya riƙa kai 'yarsa marar lafiya wurin likita. Kotu ta ba shi gaskiya, ta yanke a biya shi diyyar dala 5,000. Sai dai kotu na iya sa a biya kuɗi, ba ta iya sa ɗan'uwa ya ci tuwo kwano ɗaya da ɗan'uwansa.

Mutumin ya fito ne daga cikin Amish, Kiristocin da aka san su da keken doki da gudun kayan zamani. Ƙauracewa, wadda suke kira Meidung, ita ce ma ta haifi ƙungiyar. A 1693 Jakob Ammann ya raba gari da Hans Reist a ƙasar Siwizalan musamman kan wannan tambaya: wanda aka sa a horo ya ƙi tuba, Jibin Ubangiji kaɗai za a hana shi, ko har cin abinci da mu'amala? Reist ya tsaya kan na farko. Ammann ya ce har gida, yana dogaro da bayanin bangaskiya na Dordrecht na 1632, da kuma wasiƙar Manzo Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura ta 5. Abin mamaki, wajen 1700 Ammann da wasu mabiyansa suka amsa cewa sun yi gaggawa, har suka sa kansu a horo don neman sulhu. Ɓarakar ba ta ɗinku ba.

Dokar tana da iyaka, kuma a nan ne baƙo ke yawan kuskure. Ba ta hau kan ɗan da bai taɓa yin baftisma ba, ko da ya bar ƙauye ya koma birni. Tana kan wanda ya durƙusa da girmansa ya ɗauki alkawari, sannan ya karya. Ba a zama teburi ɗaya da shi, ba a karɓar abu daga hannunsa, ba a shiga motarsa. Amma ana iya yi masa magana, idan kuma ya shiga wani hali ana taimakonsa. Ranar da ya tuba a gaban jama'a, a maido da shi.

Dattawan suna kiran wannan ƙauna mai ɗaci, magani don mai laifi ya dawo. Da yawa daga waɗanda suka fita kuwa suna ganin uƙuba ce da aka ɗora wa iyaye su zartar da hannunsu. Da wuya a ce ba su da hujja: shugabanni ne ke yanke hukunci, amma uwa ce ke raba kwano.

Tsananin ya bambanta daga wannan yanki zuwa wancan. A wasu gidajen, idan wanda aka ƙaurace wa ya zo biki ko makoki, sai a kawo ƙaramin teburi a ajiye dab da babba, a bar ɗan tsakani kamar faɗin yatsa, a shimfiɗa mayafi ɗaya ya rufe su duka biyun.