Giya Mai Ƙarancin Barasa: Ina Ribar Ɗan Kasuwar Arewa?

ABUJA: A 'yan shekarun nan kamfanonin giya na duniya sun karkata ga sarrafa nau'in laga mai ƙarancin barasa, wato sinadarin da ke sa maye, kuma ƙananan masana'antu masu dafa giya kaɗan-kaɗan sun bi sahu. A Nijeriya, kamfanin Bature Brewery, wanda aka kafa a Abuja a 2017 kafin ya mayar da babban aikinsa Legas, yana cikin waɗanda suka fara irin wannan ƙaramar sana'a.

Laga ta yau da kullum tana ɗauke da barasa kimanin kashi 5 cikin 100. Barasar tana samuwa ne yayin da yisti ya cinye sukarin da ke cikin ruwan tsiron hatsi. Domin a rage ta, ko dai a rage tsiron, ko a tsayar da aikin yistin da wuri, ko kuma a janye barasar da na'ura bayan an gama. Kowace hanya tana rage ɗanɗano, don haka masu sana'ar kan ƙara wani fure mai ɗaci da ƙamshi da ake kira hops, wanda daga ƙasashen waje ake sayo shi da dala.

A nan ne tsadar take. Faɗuwar darajar naira ta sa kamfanin Nigerian Breweries ya yi asarar fiye da naira biliyan 100 a 2023, kuma a 2024 ya sanar da dakatar da aiki a biyu daga cikin masana'antunsa, har da ta Kakuri a Kaduna. Idan babban kamfani ya ji jiki haka, ƙarami mai sayen kaya kaɗan ya fi shi shiga matsi.

Wajibi ne 'yan kasuwa su lura cewa rage barasa bai buɗe wa wannan haja ƙofar Arewa ba. Jihohi 12 sun ɗauki shari'ar Musulunci tun bayan da Zamfara ta fara a 1999, kuma a mazhabar Malikiyya ƙarancin abin maye ba ya halatta shi. Saboda haka mai kanti ya riƙa karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba ko gwangwani kafin ya sari kaya, domin "mai ƙarancin barasa" dabam ne da lemon malt irin su Maltina, wanda ya shigo kasuwa a 1976.

Inda Arewa ke da hannu shi ne wajen dawa. Tun da gwamnatin tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanoni suka koma ga dawar gida, kuma ko bayan janye hanin ba su bar ta ba, saboda da naira ake sayenta. Masu yin lemon malt ma suna buƙatarta.

Don haka dillalin da ke kasuwar Dawanau a Kano, wanda ba ya son hulɗa da giya, yana iya neman kwangila da masu sarrafa malt na lemo da abinci, tare da tambayar inda hatsinsa zai ƙare. Abin da masana'antu ke nema shi ne dawa iri ɗaya, busasshiya, marar tsakuwa, wadda za ta tsira idan an jiƙa ta. Wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa shi ke da bakin yin ciniki.