Digirin Kwamfuta Daga Lungunan Jakara

Jakara unguwar ciniki ce. Tana jingine da Kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta ga Sarki Muhammadu Rumfa tun ƙarni na 15, kuma har yau gidaje da yawa a lungunanta da kasuwa suke kwana, da ita suke tashi. Rafin Jakara, wanda Tarihin Kano ya ambaci kurminsa tun zamanin Barbushe, ya daɗe da zama magudanar ƙazantar birni. A zangon mulkin Kwankwaso na biyu ne aka fara rufe shi da kankare ana shimfiɗa titi a kansa. Yaron da ya tashi a nan ya san ƙirgen canji kafin ya san jadawalin sau, ya san bashi da ranar biya. A 'yan shekarun nan kuwa, in ka tambayi samarin da ke ajin ƙarshe na sakandare abin da za su karanta, bayan likitanci ba abin da za ka fi ji kamar kwamfuta.

Wurin da ake fara gane gaskiyar lamarin ɗan shago ne na buga takardu, irin wanda ba ya wuce faɗin tabarma biyu: tebur ɗaya, firinta, injin hoton takarda, ƙaramin janareto a bakin ƙofa an ɗaure shi da sarƙa. Rajistar JAMB kanta a cibiyoyin da hukumar ta amince da su ake yi, amma shawara a nan ake yanke ta. Uba zai zo da ɗansa bayan la'asar, ƙurar kasuwa a ƙafarsa, ya ce: "Malam, yaron nan fa ya iya kwamfuta. Duk gidanmu shi ke gyara mana waya." Mai shago ba zai yi musu ba. Zai miƙa hannu ya karɓi sakamakon jarrabawa, ya bi shi da yatsa har ƙasa, sannan ya ɗago: "Alhaji, ina Fiziks?"

A nan zance yake tsinkewa. Don a shiga kwas ɗin kimiyyar kwamfuta a jami'o'in Najeriya, ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, a zama bai wuce biyu ba, kuma dole a cikinsu a sami Turanci da Lissafi da Fiziks. A jarrabawar JAMB ma su ukun nan ne ginshiƙi, sai na huɗu, wanda yawanci Kemistiri ne, ko da yake wasu jami'o'i suna karɓar Bayoloji ko Ikonomiks ko Labarin Ƙasa. Iya latsa waya ba ya cikin lissafi ko kaɗan. Yaron da bai taɓa kunna kwamfuta ba amma yana da ƙarfi a Lissafi ya fi kusa da ƙofar nan a kan wanda ya shekara biyar yana canza gilashin waya.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ba a ranar da aka zo shago ƙofar take rufewa ba. Ta rufe tun shekara uku baya, ranar da aka raba 'yan ajin farko na babbar sakandare zuwa 'yan kimiyya da 'yan adabi da 'yan kasuwanci. Yaro ɗan shekara 15 ne yake wannan zaɓi, sau da yawa don abokinsa ya bi can, ko don an ce malamin Fiziks ba ya zuwa, kuma ba wanda ya ce da iyayensa komai. Kano ta san maganin wannan tun 1977, lokacin da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda suka yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa. Amma gurbinsu kaɗan ne, yaran birni kuwa ba iyaka. Sauran suna makarantun jeka-ka-dawo, inda ɗakin gwaje-gwaje kan zama ɗaki kawai da sunansa a saman ƙofa. Ga kuma jarrabawar kwalifayin, wadda sai an ci ta gwamnatin jiha take biya wa ɗalibi kuɗin NECO.

Wanda ya tsallake wannan sai ya fuskanci JAMB, wadda tun 2015 ta koma a kwamfuta gaba ɗaya, maki 400. Ɗan Jakara yana da manyan zaɓi uku a kusa: Jami'ar Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, jami'ar jiha da aka kafa a 2012 da sunan Northwest, da ta kimiyya da fasaha a Wudil, wadda aka sa wa sunan Aliko Dangote a 2022. Makin da jami'a take sanarwa a matsayin mafi ƙaranci yaudara ne ga mai son kwamfuta, domin masu nema sun ninka gurbi, kuma daga sama ake ɗiba. Da yawa sukan wayi gari an tura su Lissafi zalla ko Fiziks ko fannin koyarwa. Wasu sukan zaga ta baya: su yi difloma a kwalejin fasaha, ko NCE, ko IJMB, su shigo aji biyu kai tsaye. Hanyar ta fi tsawo, amma masu bin ta sukan iso da hankalinsu a jikinsu.

To, an samu. An yi walima, gwaggo ta yi guɗa, maƙwabta sun fara kiran yaro injiniya. Sai ya je aji ɗaya ya tarar da aljabara da kalkulas da Fiziks da ƙididdiga, da darussan gama-gari na Turanci da al'adun Najeriya, kwas na kwamfuta kuwa ɗaya ko biyu. Daga aji biyu abin yake kankama: rubuta manhaja da Python ko Java ko C++, lissafin hujja da dangantaka, yadda ake jera bayanai a cikin ƙwaƙwalwar na'ura, yadda ake auna ko wata dabarar warware matsala ta fi wata sauri, ginin na'urar kanta, rumbun bayanai, sadarwa tsakanin kwamfutoci. A jarrabawa, da biro ake rubuta manhaja a takarda. Ɗalibi zai zauna ya bi layukan da ya rubuta ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe da darajar kowane harafi a ka, ba na'urar da za ta nuna masa inda ya manta waƙafi. Ɗalibai suna tsine wa wannan tsari. Ni ban tsine masa duka ba, domin yana tilasta tunani. Laifinsa shi ne inda ya zama shi kaɗai ne, har mutum ya gama aji uku bai taɓa ganin abin da ya rubuta yana aiki ba.

Dokokin kammalawa daga Abuja suke zuwa. A Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fito da sabon kundin manhaja da ake kira CCMAS, wanda ya ware fannin kwamfuta ya zama gida mai zaman kansa. Hukumar ce take tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa, jami'a ta cike 30. Wanda ya shigo ta JAMB yana bukatar aƙalla yunit 120 a shekara huɗu, wanda ya shigo aji biyu kuwa 90 a shekara uku. Maki 70 ne A, ƙasa da 40 faɗuwa ce. Matsakaicin maki 4.50 cikin 5.00 shi ne daraja ta ɗaya, 3.50 ta biyu babba, 2.40 ta biyu ƙarama.

Waɗannan lambobi ba sa shiga cikin gida. Abin da Hajiya ta sani shi ne, yaro yana fita da safe yana dawowa da magariba. In ta ce, "Ya karatun?" zai ce, "Alhamdu lillahi, Umma." Kalmar kariyoba ba ta ƙetare zaure. Kwas ɗin Lissafi ɗaya da aka faɗi a aji ɗaya yana iya hana ɗaukar wanda ke bin sa a aji biyu, shi ma ya tare na gaba, kamar kurar ruwa da ta maƙale a bakin lungu: duk wanda ke baya sai ya jira. Sai a shekara ta huɗu, da abokai suka fara ɗinkin bikin yaye ɗalibai, gida yake jin cewa akwai sauran shekara. Ƙarin shekarar ma yana da iyaka, domin kwas mai shekara huɗu ba a barin mutum ya wuce shida a kansa.

Akwai kuma sharuɗɗan da ba a buga su a kundin kowace jami'a ba. Na farko laftof. Kusan ba wanda yake sayen sabuwa. Ta hannu ake nema a Titin Beirut, wadda batirinta ba ya kai awa guda, kuma kuɗinta sau da yawa karo-karo ne: yaya ya kawo wani abu, uwa ta kwashi adashi, kawu ya cika. Na biyu wuta. In ka bi wani lungu bayan isha'i za ka iya ganin saurayi a zaure, ya ɗora laftof a kan buhun fata na mahaifinsa, ya jawo waya daga shagon maƙwabci mai sola, ya rage hasken allo har sai ya ƙanƙance ido, ƙannensa uku a bayansa suna jiran ya gama su roƙi kallo. Na uku kuɗin mota. Daga Jakara zuwa sabon matsugunin Jami'ar Bayero a Titin Gwarzo sai an hau a-daidaita-sahu zuwa Kabuga, a sake hawa wani, kullum, zuwa da dawowa, ga dokar halartar kashi 75 cikin ɗari na lakca kafin a zauna jarrabawa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wannan ya zama babban bashi a wuyan gida. A shekarar ce kuma kuɗin rajista ya tashi, har gwamnatin Kano ta ware naira miliyan 700 don ɗalibai 7,000 'yan jiha da ke Bayero. Ga 'ya mace akwai na huɗu: ta dawo kafin magariba, alhali aikin rukuni da yamma ake yin sa.

A aji uku ake fita SIWES, horon sanin makamar aiki da asusun ITF yake kula da shi tun shekarun 1970, da littafin da ake cikewa kullum mai gida ya sa hannu. Kamfanonin rubuta manhaja a Kano ba su kai yawan ɗalibai ba, don haka wasu a ofis suke ƙarewa suna buga wasiƙu, wasu a kasuwar waya ta Farm Centre. Abin dariya, a nan ne gida yake fara gamsuwa cewa yaro yana koyon abu, tun da yanzu yana dawowa da ɗan kuɗi a aljihu.

Lokaci ma sharaɗi ne. Wanda ya shiga jami'ar tarayya a 2019 ya ci karo da yajin aikin ASUU na wata tara a 2020, ga korona, sannan na wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022. Wanda ya yi shekara biyu yana maimaita JAMB, ya zaga ta difloma, ya haɗu da waɗannan, yana iya gamawa ya haura 30, sai a ba shi takardar yafewa maimakon kakin bautar ƙasa. A unguwar da sa'anninka suka buɗe rumfa tun suna 20, suka yi aure, kowace shekarar da ta ƙaru sai an amsa tambaya a kanta a majalisa.

Na ƙarshe shi ne furojet na aji huɗu: babi biyar, da manhaja mai aiki, da tsayuwa gaban malamai a kare. Kowa ya san akwai masu sayar da shi a gama, kuma malamai sun fi kowa sani. Shi ya sa tambayarsu ba ta da tsawo: "Buɗe mana wurin da kake ajiye bayanan nan. Canza wannan layin mu gani." Wanda ya saya a nan gumi yake karyo masa. Waɗanda na ga sun fi tsayawa da ƙafarsu su ne waɗanda suka ɗauko matsalar daga gida: lissafin bashin 'yan kiri a rumfar Kurmi, jerin masu zubin adashi, rajistar ɗaliban Islamiyyar unguwa. Irin wannan ɗalibi ya san dalilin da ya sa dole manhajarsa ta yarda a biya bashi kashi-kashi, kuma ta yi aiki ko babu intanet, domin ya taɓa zama a rumfar ranar da sabis ya ɗauke mai kaya yana tsaye.