The Commitments (fim)

The Commitments fim ne na kiɗa da barkwanci wanda ya fito a shekarar 1991. Alan Parker, ɗan ƙasar Ingila, ne ya ba da umarni. An ɗauko labarin daga littafin Roddy Doyle mai wannan suna, wanda aka buga a 1987. Fim ɗin yana ba da labarin wasu matasa 'ya'yan talakawa a arewacin birnin Dublin na ƙasar Ayilan da suka kafa ƙungiyar kiɗan soul, salon da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro daga waƙoƙin coci da kiɗan blues.

Labarin fim

Jimmy Rabbitte saurayi ne marar tsayayyen aiki, yana tallar kaset-kaset. Ya sa talla a jarida yana neman makaɗa, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa gidan iyayensa domin gwaji. A ƙarshe ya haɗa masu jita, mai fiyano, mai ganga, masu busa da 'yan mata uku masu amshi. Ya samo jagoran waƙa, Deco Cuffe, wani kwandastan bas da ya ji yana waƙa cikin maye a wajen biki. Sai kuma dattijo mai busa ƙaho, Joey Fagan, wanda ke cewa ya yi aiki da manyan mawaƙan Amurka.

Jimmy ya shawo kan abokansa da cewa kiɗan soul na masu fafutukar neman abinci ne. A ganinsa, matsayin 'yan unguwarsu a Dublin ya yi kama da na baƙaƙen fata a Amurka, don haka wannan kiɗan nasu ne. Sun fara wasa a zauren coci, daga nan suka shiga gidajen rawa, suna ƙara ƙwarewa.

Sai dai yayin da kiɗan ke gyaruwa, zumuncin yana lalacewa. Girman kan Deco ya kori mai gangar farko, soyayyar Joey da 'yan matan ta jawo kishi. Joey ya yi alkawarin cewa fitaccen mawaƙi Wilson Pickett zai zo ya yi wasa tare da su. A daren da suka fi yin bajinta, Pickett bai iso a kan lokaci ba, faɗa ya ɓarke, ƙungiyar ta watse. Jimmy yana kan hanyar gida ya ga motar Pickett tana neman wurin wasan.

Shiri da 'yan wasa

An ɗauki fim ɗin a Dublin a 1990. Parker ya fifita makaɗa na gaskiya a kan sanannun taurari, shi ya sa yawancin 'yan wasan ba su taɓa fitowa a fim ba. Robert Arkins ya fito a matsayin Jimmy, Johnny Murphy a matsayin Joey, Colm Meaney kuma mahaifin Jimmy mai ƙaunar Elvis Presley. Andrew Strong, wanda ya fito a Deco, yana da shekara 16 kacal a lokacin. Angeline Ball, Maria Doyle da Bronagh Gallagher su ne masu amshi.

Doyle ya rubuta tsarin fim ɗin tare da Dick Clement da Ian La Frenais. Fim ɗin ya nuna Dublin na lokacin rashin aikin yi: gidajen talakawa masu cunkoso da layin karɓar kuɗin tallafi.

Karɓuwa

A 1992 fim ɗin ya lashe kyaututtukan BAFTA guda 4: fim mafi kyau, ba da umarni, tsara labari daga littafi, da tace hoto. An kuma sa Gerry Hambling cikin masu takarar Oscar saboda tace hoton. Faifan waƙoƙin ya yi kasuwa sosai, ya kuma kai tsofaffin waƙoƙi irin su Mustang Sally ga sababbin masu sauraro.

Littafin shi ne na farko cikin uku da Doyle ya rubuta kan iyalin Rabbitte. Stephen Frears ya mayar da sauran biyun fim: The Snapper a 1993 da The Van a 1996. Glen Hansard, ɗaya daga cikin masu jita, ya ci Oscar ta waƙa a 2008 da fim ɗin Once. A 2013 aka fara nuna labarin a dandalin wasan kwaikwayo a Landan.