Kalmar "For" Da Wuraren Da Take Tuntsurar Da Mutane

Duk wanda ya taɓa karɓar takardar hukuma daga Bakura ko Talata Mafara, watakila ya lura da wata 'yar kalma a ƙarshenta. Sau da yawa wani ƙaramin jami'i ne yake sa hannu, sai a buga "for" kafin sunan muƙamin shugabansa. A nan ma'anarta "a madadin". Jami'in aron baki ya yi, nauyin maganar yana wuyan mai ofishin.

Wahalar kalmar ita ce Hausa ba ta da kalma guda da za ta tsaya mata. Wani lokaci "domin" ce, wani lokaci "saboda". A kasuwa kuwa, in aka sayar da buhun shinkafa "for" kaza, "a kan" kaza ke nan.

Ɗalibai sun fi faɗuwa wajen lokaci. Yaron Dakko da ya shekara uku yana karatu a Mafara, "tun" ce a bakinsa, don haka sai ya rubuta "since three years", malami ya ja masa jan biro. Ka'idar ba ta da tsawo: "since" tana bin ranar da abu ya fara, "for" tana bin tsawon da ya ɗauka.

Amma inda kalmar ta fi nauyi shi ne maganar diyya, wadda mutanen wannan yanki suka sani fiye da kowa. Madatsar Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina aka gama a 1978, ta ci gonaki da ƙauyuka. Rigimar diyya ta yi ta ruruwa har cikin Afrilun 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta, aka yi asarar rayuka.

A takardar diyya, abin da ya biyo bayan "for" shi ne abin da za a biya kuɗinsa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun Gwamna, ta kuma ɗora diyya a kan abin da mutum ya raya a bisanta, kamar gini da shuka. Ke nan "compensation for crops" kuɗin amfanin gona ne kawai. Akawun da ya fassara wa manomi wannan da "kuɗin gonarka" ya sa shi jiran abin da takardar ba ta yi alkawarinsa ba.