Amanar Editan Mujallar Ilmi Game da Binciken da Ake Yi a Karkarar Kano

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba nauyin da ya rataya a wuyan editan mujallar ilmi idan aka kawo masa maƙalar da aka gina a kan binciken ƙauye. An saba cewa amanar mutum biyu edita yake riƙe da ita, wato marubuci da mai karatu. Mu a ganinmu akwai wasu biyun kuma, waɗanda ba sa halartar taro irin wannan, ba sa kuma ganin mujallar in ta fito: manomin da aka yi wa tambayoyi, da mataimakin da aka aika ya yi tambayoyin. Za mu ɗauki misalanmu daga ƙasar noma da ke arewa da birnin Kano, tun daga Ungogo zuwa Minjibir da Ɗambatta da Bichi.

Wannan yanki ya daɗe yana karɓar baƙuncin masu bincike. A 1965 Sashen Labarin Ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello ya buga rahoton Michael Mortimore da J. Wilson a kan gundumar Ungogo. Abin da ya ja hankalin masana shi ne jama'a a cunkushe suke, gona ba ta hutawa, duk shekara ana noma ta, amma kuma ba ta mutu ba, saboda takin dabbobin gida da wanda ake ɗaukowa daga birni a kan jakuna. A 1977 Polly Hill ta fitar da littafinta a kan Ɗorayi, wadda a lokacin karkara ce, yanzu kuwa birni ya haɗiye ta. Cibiyar binciken noma ta IITA ma ta kafa gonar gwaji a Minjibir, inda aka yi aiki mai yawa a kan wake. A yau malaman kwalejoji da ɗalibansu ne suka fi yawa a wannan fage, kuma mujallunmu na cikin gida ne ke buga abin da suka samo.

To, matsala ta farko ita ce ta alƙaluma. Manomi a nan ba da kilo yake lissafin amfanin gonarsa ba, da dami yake yi, damin wani kuwa ba na wani ba ne. Gona ɗaya takan ɗauki gero da dawa da wake da gyaɗa a lokaci guda. A gida ɗaya akwai gonar gandu, akwai kuma gayauna, wadda maigida ba lalle ne ya san abin da aka samu a cikinta ba. Har ila yau, manomi yana da dalilinsa na rage lissafi a gaban baƙo mai riƙe da takarda. Gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979, amma tsoron bai gushe gaba ɗaya ba. A yanzu ma wani yakan rage ne don yana zaton rabon taki za a yi. Saboda haka idan marubuci ya kawo jadawali mai nuna kilo kaza a kowace hekta, wajibi ne edita ya tambaye shi da me aka auna, wa ya auna, kuma a wane wata. Polly Hill ta rubuta littafi guda a 1986 tana sukar masana tattalin arziki a kan dogara da alƙaluman karkara da ba a san yadda aka tara su ba. Sukar tata tana nan daram.

Daga nan ake gane amfanin bai wa wanda ya san ƙasar maƙala ya tace. Alal misali, in maƙala ta ce an zanta da matan aure ɗari a cikin gidajensu, alhali duk mataimakan maza ne, mai tacewar da ya san kulle zai dakata. Wanda bai sani ba sai ya duba Turancin kawai ya sa hannu. Kowa a cikinmu ya san akan zauna a gindin darbejiya a cike takardun tambayoyi hamsin da alƙalami ɗaya. Edita yana da ikon neman a kawo masa takardun na asali, kuma marubucin da ya yi aikinsa tsakani da Allah ba zai ji haushin haka ba.

Sai batun sunaye a kan maƙala. Ƙungiyar editocin mujallun likitanci, wadda ta samo asali daga wani zama da aka yi a Bankuba ta ƙasar Kanada a 1978, ta shimfiɗa sharuɗɗan zama marubuci: mutum ya ba da gudummawa ta haƙiƙa wajen tsara binciken ko tara bayanai ko nazarinsu, ya sa hannu a rubutun ko gyaransa, ya amince da abin da za a buga, ya kuma yarda a tuhume shi a kansa. A wurinmu sau da yawa abin a juye yake. Ɗalibin da ya kwana a ƙauye, ya auna gonaki, ya fassara hirarraki, ko godiya ba ya samu, amma sunan shugaban sashe yana can sama, ko na abokin da ya biya rabin kuɗin bugu. Maganin wannan mai sauƙi ne: edita ya sa kowane marubuci ya rubuta abin da ya yi. Duk wanda aikinsa ya kai, a ba shi damar duba rubutun, sunansa ya shiga.

Izini kuwa shi ne ya fi nauyi. Mai bincike yakan bi ta hannun hakimi, a haɗa shi da dagaci, dagaci ya haɗa shi da mai unguwa. Wannan ladabi ne mai kyau, amma iznin dagaci ba iznin manomi ba ne, domin talakan da mai unguwa ya kira da wuya ya ce a'a. Ga shi kuma abin da ake tambayarsa sirrinsa ne: bashi, jinginar gona, hatsin da ya ƙare kafin kaka. In aka buga sunan unguwa da yawan matansa da 'ya'yansa, ko ba a ambaci sunansa ba an tona shi.

Mutanen Kano sun san abin da sakaci da izini ke haifarwa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Zana. Yara 200 aka sa a gwajin, kusan rabinsu aka ba sabon maganin, kuma 11 suka rasu a cikinsu baki ɗaya. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye kuwa suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a an rubuta ta ne bayan an gama, aka mayar da kwanan watanta baya. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar a 2003, wannan labari yana cikin abin da jama'a suka riƙa kafa hujja da shi. Darasin edita a nan ƙarami ne amma tabbatacce: ya ga takardar izini da idonsa, ya kuma gwada kwanan watanta da lokacin da aka shiga ƙauye.

Ba mu jahilci matsin da malamai ke ciki ba, tun da ƙarin girma ya dogara ga yawan maƙalu. Wannan ne ya buɗe kasuwar mujallun da ke karɓar kuɗi su buga ba tacewa. A 2013 John Bohannon ya aika da maƙalar bogi, mai kurakurai a fili, zuwa mujallu 304, kuma 157 suka karɓa. Sunayen marubuta da cibiyoyin da ya ƙaga na Afirka ne. Mujallar kwalejin da ke buga duk abin da aka biya kuɗinsa ta shiga wannan sahu, ko da kuwa farfesoshi goma aka jera a bangonta. Kwamitin ɗa'ar ɗab'i na COPE, wanda aka kafa a Ingila a 1997, ya tanadi matakan janye maƙala in an gano maguɗi, kuma janyewar a fili ake yin ta, a cikin mujallar da ta buga.

Abin da muke roƙon editocin da ke wannan taro shi ne su sa sharaɗin taƙaitaccen bayani da Hausa a gaban duk maƙalar da aka gina a kan binciken ƙauyukan nan, wanda malamin gona ko malamin firamare zai iya karanta wa mutanen da aka yi wa tambayoyin. Mujallar Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta daɗe da nuna cewa ana iya rubutun ilmi da Hausa. Marubucin da ya san za a karanta lissafin damunansa a ƙofar gidan dagaci zai sake duba jadawalinsa kafin ya aiko.