RA'AYOYI SUN BAMBANTA KAN LITTATTAFAN SOYAYYA DA NA ALJANU

Duk wanda ya shiga ɗakin kwanan ɗalibai mata, ko ya leƙa ofis lokacin hutun Azahar, da wuya ya rasa wadda ta duƙufa a kan wayarta tana karatun labari. Littattafan soyayya da na yaƙi da aljanu, waɗanda a da ake saye a kasuwannin Kano, yanzu sun koma cikin wayar hannu, ana karanta su ta Wattpad da WhatsApp, ko kuwa a saurare su ta YouTube. Amma gardamar da ake yi a kansu ba ta ƙare ba.

Shi dai labarin aljanu da jarumai ba baƙo ba ne a wajen Bahaushe. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma dukansu cike su ke da abubuwan al'ajabi. Marubuta irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini da Nazir Adam Salih wannan hanya su ka bi, samari kuwa su ka rungume su. Na soyayya kuma sun fara ƙarfi ne bayan fitowar So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, sa'an nan Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa su ka bunƙasa su.

Masu ƙaunar littattafan, galibinsu mata, hujjarsu ita ce nan ne kaɗai su ke ganin damuwarsu a rubuce, watau auren dole da zaman kishi da sakin wulaƙanci da hana mace ilmi. Misali, Alhaki Kuykuyo Ne na 1990 labari ne na Rabi, wadda mijinta ya kore ta da 'ya'yanta bayan ya yi amarya, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. An fassara shi zuwa Turanci, aka buga a Indiya a 2012. Har wa yau, akwai matan aure da yawa waɗanda ba don waɗannan labarai ba da karatun boko ya kuɓuce musu.

Masu suka kuwa, cikinsu har da iyaye da malamai, cewa su ke yi labaran suna koya wa 'yan mata burin miji mai mota da bene, suna kuma ɗauke hankalin ɗalibai daga darasi. A shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuma ya kare su a shafukan jaridu. A 2007 har an ƙona wasu a wata makarantar 'yan mata a Kano, da sunan gyaran tarbiyya.

Abin da ya fi damun masu karatu a yanzu shi ne rashin mai dubawa. Labari ya kan fito shafi-shafi ba tare da edita ba, da kurakuran rubutu, wani lokaci da batsa, alhali kuwa yarinya za ta iya samunsa ba da sanin kowa ba. Su ma marubutan suna kuka, domin wanda ya biya kuɗi ya kan raba labarin kyauta ga ɗaruruwan mutane.

Ƙonawa dai ba ta hana karatu ba, wuri kawai ya sauya. Gasar Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata, ta nuna cewa idan akwai alƙalai da lada, rubutu ya kan inganta. Saboda haka ya kamata ƙungiyoyin marubuta da sassan Hausa na jami'o'i su taimaka wa sababbin marubuta da masu gyara, iyaye kuma su riƙa karanta abin da 'ya'yansu ke karantawa kafin su yanke hukunci.