Gyaran Ƙarfin Sauti Alhali Waƙa Tana Tafiya

Duk wanda ya saurari waƙa a rediyo ko a waya, ya ji muryar mawaƙi tana fitowa sarai bisa kiɗa, ba ta nutse ba inda ganguna suka tsananta, ba ta kuma soki kunne ba inda kiɗa ya lafa, to, ya sani wannan daidaito ba daga maƙogwaron mawaƙi kaɗai ya zo ba. Akwai wani ma'aikaci a sutudiyo da ya zauna yana bin waƙar kalma bayan kalma, yatsansa a kan maɓallin nan mai zamewa sama da ƙasa da ake kira feda, yana ɗaga abin da ya raunana, yana kwantar da abin da ya yi ƙarfi. A zamanin da, hannu kaɗai ke wannan aiki, hannu kuwa ba shi da hadda: in an yi kuskure a minti na uku sai a mai da tef farko a sake, har akan tara mutum uku ko huɗu gaban tebur guda, kowa da maɓallan da aka ba shi amana. Sai a shekarun 1970 aka fara koya wa na'ura ta riƙe motsin hannu ta maimaita shi. Kamfanin Neve na Ingila ya fito da tsarinsa mai suna NECAM, aka kafa shi a sutudiyon AIR na birnin Landan a 1977, mutane suka ga maɓallai suna hawa suna sauka ba hannun kowa a kansu. Da manhajojin kwamfuta irin su Pro Tools, wadda ta bayyana a 1991, da Cubase da Logic suka zo, sai wannan hadda ta koma wani layi mai tudu da kwari da ake gani a fuskar kwamfuta, kowane tudu shaidar wurin da aka ɗaga murya.

Amma ni'imar nan ta zo da tata mas'alar. A ƙaddara ma'aikaci ya ɓata yini guda yana bin murya, har ya samu kowane harafi ya zauna inda ya dace, sai mawaƙi ya shigo da la'asar, ya saurara, ya ce komai ya yi, illa dai a amshi yana so a ɗan ƙara masa murya. Abu ne da ba zai ɗauki daƙiƙa ba a magana, amma in manhajar tana halin karanta abin da aka rubuta ne, ko an tura feda sama za ta koma inda layi ya umarce ta. In kuwa an sa ta a halin rubutawa, za ta shafe duk abin da ta tarar a hanya. Akwai halin da take rubutu muddin yatsa na kan feda, in an saki ta koma tsohon layi, akwai kuma wanda take zarcewa da rubutu har a tsai da waƙar, sai dai dukkansu hukuncinsu ɗaya ne: sabon motsi yana maye gurbin tsoho, aikin yini ya tafi a banza saboda gyaran da bai taka kara ya karya ba.

Maganin wannan shi ne abin da ake kira tirim. Misalinsa a wurin masu karatun zaure shi ne hashiya: malami ya samu matani ingantacce, ba ya kankare shi don yana da ƙari, sai ya rubuta ƙarin a gefen shafi, mai karatu ya haɗa biyun. A halin tirim, motsin feda ba ya cewa murya ta tsaya a mataki kaza, cewa yake yi a ƙara kaza ko a rage kaza bisa abin da ke rubuce, don haka tuddai da kwaruruwan da aka sha wahala a kansu suna nan da siffarsu, layin ne gaba ɗaya ke ɗagawa ko sauka.

Hikimar tana cikin ma'aunin da ake auna sauti da shi, wato desibel, wanda ma'auni ne na nisba tsakanin ƙarfi biyu. Ƙarin desibel 6 yana daidai da ninka ƙarfin siginar kusan sau biyu, ko daga ƙasa aka fara ko daga sama. Saboda haka in wata kalma tana desibel 10 ƙasa da sifiri, mai bi mata tana 7, ta uku tana 12, aka ƙara wa dukkansu 2, sai su koma 8 da 5 da 10, tazarar da ke tsakaninsu ba ta motsa ba, kunne kuwa tazarar nan yake ji a matsayin lafazi da shauƙin mawaƙi.

Kowace manhaja da tata ɗabi'a. A Pro Tools, da an shiga halin tirim sai feda ta koma kan sifiri ta zama ruwan ɗorawa, tana nuna bambanci kaɗai, kuma ana iya ajiye gyaran a layinsa na dabam, mutum ya zaɓi lokacin da za a narkar da shi cikin asali: bayan kowane zagaye, ko sa'ad da aka fita daga halin, ko sai ya ba da umarni da kansa. A ganina na ƙarshen nan ya fi, domin abin da kunne ya yarda da shi da tsakar dare bayan aikin awa takwas ba lalle ya yarda da shi da safe ba, kuma gyaran da ke ware ana share shi da dannawa guda. Logic ta samu nata tirim a 2015. A FL Studio, wadda ta yawaita a ɗakunan haɗa kiɗa na Kano da Kaduna, dabarar da aka saba ita ce a rubuta hawa da saukar murya a kan ƙaramin abin daidaita ƙarfi irin Fruity Balance, a bar feda sake domin gyaran jimla.

Mai tambaya zai ce, me ya hana a tsai da waƙa, a zaɓi sashen amshi, a ja layin sama da linzamin kwamfuta? Babu haramci a ciki, kuma sau da yawa ya wadatar. Sai dai ido ba ya sanin ko desibel 1 ake bukata ko 2 da rabi, domin ƙarfin murya ba a sanin sa sai an gwada shi da abin da ke kewaye da ita a wannan lokaci, da kalangu, da jita, da 'yan amshi. Wanda ke gyara alhali waƙa tana tafiya, kunnensa ne ke hukunci, yatsa yana zartarwa nan take, ya ɗan ƙara a farkon amshi inda kiɗa ya cika, ya sassauta a ƙarshensa. Sharaɗin kawai shi ne ya san waƙar sosai, don hannu yakan makara bayan kunne, wanda bai riga kalma motsawa ba zai ɗaga ta bayan ta wuce.

Akwai kuma abin lura da masu koyo kan gafala da shi. Kunnen ɗan Adam yana da son zuciya wajen ƙara, abin da ya fi ƙarfi yakan ji kamar ya fi daɗi, sai a ƙara murya, ganga ta ɓace, a ƙara ganga, jita ta ɓace, har a kai rufin sifiri da sautin kwamfuta ba ya ƙetarewa sai ya fashe; sau da yawa rage kiɗa da desibel 1 ya fi ƙara murya da 2 amfani. Haka nan feda ba ita kaɗai take tafiya ba. In amsa-kuwwar da aka yi wa murya ado da ita tana ɗiba ne daga bayan feda, za ta ƙaru tare da muryar, in kuma akwai na'urar matse ƙarfin sauti da ake kira kwamfaresa a kan jimlar waƙa, ƙarin muryar zai sa ta ƙara matse kiɗan gaba ɗaya. Don haka bayan kowane tirim ya wajaba a koma baitin da ke gabanin wurin gyara, a saurara har a wuce shi, a ji yadda shiga da fita suka kasance.